Hannun Zakari

Ranar farko da Zakari ya saki igiya, da igiyar nan ubansa ya dake shi.

Da hantsi ne, a filin da ke bayan garke. Ado, uban Zakari, yana da gidan gona a gefen hanyar Bengu, can bayan Gaya, kuma sana'arsa horar da bijimai: ya sayo masu ɗanyen kai, ya ciyar da su ciyawar burgu da dusa, ya koya musu jan garma, in damina ta kawo kai ya sayar wa manoman gero da na shinkafa. Aikin na mutum biyu ne. Babba yana baya riƙe da garma, yaro yana gaba yana jan igiyar da aka zarga wa bijimi a ƙaho. A wannan shekarar aka ce Zakari ya isa shiga gaba. Shekararsa goma sha ɗaya, kuma in ya tsaya kusa da jan bijimin da aka ba shi, kansa bai kai tozo ba.

Bijimin ya fizge kai sau ɗaya, igiyar ta goge wa yaron tafin hannu, ya saki. Kafin a ankara dabbar ta ja garma ta tumbuke turaku biyu na shinge.

Ado bai yi gaggawa ba. Sai da aka kamo bijimin, ya kwance igiyar, ya ninka ta biyu, sannan ya yafito ɗansa.

"Mi na ce maka?"

"Kada in saki, Baba."

"To mi ya sa ka saki?"

"Zahi gare ta."

"Yanzu ka san zahi."

Ya dake shi a baya, ya dake shi a ƙafafu, da yaron ya faɗi ya kare kansa da hannu ya ci gaba da dukan hannun. Sumana, ɗan aikin gidan, yana riƙe da bijimi yana kallon ƙasa. Da Ado ya gaji ya ce a tashi a koma aiki, rana tana yi.

Abin da ke ci mini rai game da Ado shi ne ba mashayi ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Sahun gaba yake salla, gidansa ba a kwana da yunwa. Shi dai a ganinsa yaro da ɗan bijimi duk ɗaya ne, kowa da ɗanyen kai ake haifar sa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sai dai in bijimi yake duka yana kiyaye ido da ƙafa, don mai saye zai zagaya dabbar ya duba tabo. Yaro kuwa babu mai zagaya shi ya duba.

Haka kowane ɗa na gidan ya koyi aiki. Kadi, yayar Zakari, tun tana shekara tara take tatsa, kuma ta iya ɗaure ƙafafun saniya ne ranar da ta kuskure ɗaurin, saniya ta yi ɓarin nono, aka fasa mata ƙwaryar a ka. Zakari ya fara da maruƙa, yana ɗaure su a dangwali, doguwar igiyar da ake jera su kafin tatsa. Daga nan aka tura shi yankan burgu a bakin ruwa. Lakwal kuwa, wato makarantar boko, sai in babu aiki, kuma a gidan Ado ba a taɓa rasa aiki ba.

Washegari aka koma fili. Bayan Zakari duk ya yi rudu-rudu, tafin hannunsa ya saɓule. Ya karɓi igiyar da hannu biyu. Ado ya tsaya ya dube shi, sai ya ce ya miƙo hannun dama. Ya naɗa bakin igiyar a tsintsiyar hannun yaron, ya ƙulle, ya ja ƙullin da haƙori.

Sumana ya yi gyaran murya. "Maigida, wanga bijimi bai san mutum ba tukuna. In ya zabura fa?"

"In ya zabura shi tsaida shi. Haka tsohona ya yi mini." Ado ya janye hannun rigarsa ya nuna wani tsohon tabo. "Ga shi. Na mutu?"

"A'a, Maigida."

"To kama aikinka."

Sun zagaya filin lafiya har sau biyu. A zagaye na gaba bobuwa ta sauka a cinyar bijimin ta gantsara masa cizo. Ya ɗaga wutsiya, ya sunkuyar da kai, ya kwasa da gudu. Zakari ya yi taku uku a tsaye, daga nan a ƙasa ya yi sauran tafiyar. Bijimin ya ja shi ta kan kututturan karan dawa, ya ja shi ta kan tsakuwa, ya bi ta gefen wani turke, yaron ya bi ta ɗaya gefen. Igiyar ta miƙe. An ji ƙarar har ƙofar gida, kamar an karya busasshen kara. Da Sumana bai sa wuƙa ya yanke igiyar ba, da hannun gaba ɗaya bijimin zai tafi.

Ado ne ya ɗauko shi. In faɗi gaskiya, fuskarsa ta canza, har tafiyarsa ba daidai take ba. Amma kafin ya iso tsakar gida ya riga ya shirya abin da zai faɗa.

Asabe, uwar yaran, ta fito daga madafa da muciya a hannu. Ta ga hannun ɗanta ya lanƙwashe a inda babu gaɓa, igiya ta nutse cikin nama, jini yana ɗiga a kan ƙafar ubansa.

"Malam, a kai shi likita."

"Karaya ce. Maruƙa nawa na ɗora a gidan ga? Wanne ya gurgunce?"

"Wanga ba maraƙi ba ne."

"In kai shi su tambaye ni mi ya hwaru, su kira mini jandarma? Ɗana ne ko ɗansu? Kawo ruwa."

Ya yi masa ɗori yadda yake yi wa maruƙa. Sumana ya danne kafaɗa, Ado ya ja hannun har ƙashin ya koma ciki, Zakari ya yi ƙara ɗaya ya suma. Aka fesa wa raunin maganin nan mai launin shuni da ake fesa wa shanu a miki. Aka jera tsagaggun kara daga tsintsiyar hannu zuwa gwiwa. Maraƙi yana yawo, yana shure-shure, don haka ɗorinsa da roba ake ɗaure shi tamau kada ya zame. Ado ya yanko roba daga tsohuwar tayar moto, wato babur, ya naɗe hannun ɗansa da ita yana ja da ƙarfinsa duka. Ya rufe da allurar shanu a cinya, rabin abin da yake yi wa karsana.

Kaka Zeinabu, mahaifiyar Ado, tana zaune a tabarma tana kallo tun farko. Ta ce, "Allah shi yi maka albarka. Hannun ubanka ka gado." Da ta ga Asabe ta durƙusa tana shafa kan yaron tana kuka, sai ta taɓe baki. "Ke kam ba ki da kunya. Ɗa ne ba a taɓa haihwa ba? Gaban uwar mijinki kike wanga rawar jiki?"

Asabe ta tashi ta koma madafa, tuwonta ya kama.

Kwana ɗaya aka bar Zakari ya kwanta. Washegari Ado ya ce ƙafa ba ta karye ba, ido bai tsiyaye ba, ya je ya zauna a inuwar maruƙa ya yi gadinsu. Yatsun sun kumbura sun yi sulɓi, ba sa haɗuwa da juna. Yaron ya rasa yadda zai ajiye hannun. In ya sauke, sai ya ji kamar zai fashe. In ya ɗaga, kafaɗa ta gaji. Ba ya kuka da ƙarfi, don ya san abin da kuka yake jawowa, sai dai ya cusa bakin rigarsa a baki ya cije.

A nan Kadi ta same shi bayan la'asar, ta zo kwance maruƙa don tatsar yamma.

"Yaya, sassauta mini kaɗan."

"Baba ya hana a taɓa."

"Kaɗan dai. Ba ni hwaɗa mishi."

Ta duba hagu da dama, ta tsuguna, ta kwance bakin robar ta warware zagaye biyu. Jini ya yunƙura ya koma inda aka hana shi, kuma wannan zafin ya fi na ɗaurin. Zakari ya ƙwalla ƙarar da bai yi niyya ba. Ado yana bakin rijiya, ya ji.

Da sandar kiwo ya zo. Bai tambayi komai ba. Sanda ta farko ta samu Kadi a baki, leɓenta ya fashe, ta biyu a gadon baya, sauran ba ta san inda suka sauka ba. Ta rarrafa ta shige tsakanin maruƙa, su ma suka watse suna jan dangwali.

"Kin hi ni sanin ɗori? So kike ƙashin shi goce shi zama musaki?"

Ya juyo kan Zakari, ya kwantar da shi, ya taka kafaɗarsa da ƙafa, ya mayar da robar. Wannan karon ya ƙara mata zagaye ɗaya don kada wani ya sake gwadawa. Kadi ta yi tatsa a ranar da jini yana ɗiga daga haɓarta, tana kautar da kai kada ya shiga nono.

Daga nan yatsun suka fara sake launi. Suka yi ja, suka yi shuɗi, farata suka yi baƙi. Masassara ta shigo. Yaron da ke cinye kwanon tuwo ya nemi ƙari, yanzu kurɓin kunu biyu yake yi ya kau da kai. Asabe ta taɓa yatsun wata safiya ta ji su da sanyi kamar randa, alhali sauran jikin ya yi zafi rau.

Ta nuna wa Kaka.

"Mataccen jini ne, shina hita," in ji tsohuwar. "Ɗori in bai yi ciwo ba bai kama ba. Na Ado ma haka ya yi."

"Iya, na Malam ya yi baƙi haka?"

"Ina tuna launi? Shekara nawa? Ke dai ki bar wa yaro mugun baki."

Ta je wajen Sumana yana yanka harawa, ta roƙe shi ya ɗaura amalanke ya kai su gari kafin maigida ya dawo daga fadama. Sumana ya ajiye adda, ya daɗe yana goge hannu a wando.

"Uwargida, wallahi abin shina damuna. Amma ni baƙo ne, abinci na zo nema. In na sa baki, gobe ina bisa hanya, ga ɗiya can gida suna jirana. Ki yi mishi magana cikin daɗin rai, ko ya ji."

Ta yi maganar cikin daɗin rai, bayan ta ajiye masa fura. Ya saurara har ta gama, sannan ya ce wannan ne karo na biyu, kuma ba ya son na uku. Ta ce ai yaron ba ya jin yatsunsa. Marin da ya yi mata ya kifar da furar.

Akwai ma wani manomi da ya zo daga Bengu duba bijimi. Yana ciniki iska ta kaɗo daga inuwar maruƙa, ya toshe hanci ya tambaya ko wata dabba ce ta mutu. Da ya ga yaron sai ya ce, "Malam Ado, da ka leƙa da shi likita." Ado ya yi dariya ya ce mutanen likita ba su iya komai ba sai pikir, wato allura, da surutu. Manomin ya ce haka ne, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya ja bijiminsa ya tafi, kuma na tabbata ya ba da labarin a gida, an yi ta Allah wadai a kan tabarma.

Kowa a wannan gida da kewayensa yana da hanci, yana da ido. Abin da kowa ya rasa shi ne dalilin da zai sa shi ne zai fara magana.

Maganar rashin jin yatsu ta tsaya wa Ado a rai. In ƙafar saniya ta mutu, makiyaya lalas suke yi mata, su gasa ƙarfe su ɗora a fata don jijiya ta farka. Da yamma ya hura gawayi a tsakar gida, ya sa ƙarfen a ciki har ya yi ja. Ya ce Sumana ya kawo yaron.

Zakari ya ga ƙarfen ya fara ja da baya da gindi. "Baba, ina ji. Wallahi ina jin su."

"To in kana ji mu gani."

Sumana ya rungume shi ta baya. Ado ya kama hannun ya ɗora ƙarfen a bayan tafin. Hayaƙi ya tashi, fata ta yi ƙauri. Yaron bai motsa ba. Idonsa a rufe yake yana jiran zafin, bai ma san an riga an ɗora ba. Har Kaka ta daina jan carbi.

Da mutum ne mai neman gaskiya, a nan zai ajiye ƙarfe ya ɗauko makullin moto. Ado ya mayar da ƙarfen wuta. Ya ɗora a tsakanin karan ɗori, shiru. Ya matsa sama kusa da gwiwa, shiru. Sai da ya haura robar ya ɗora a damtse, inda naman yake da rai, Zakari ya gantsare ya yi ƙarar da ta sa shanu suka miƙe a garke, fitsari ya zubo masa.

Ado ya jefar da ƙarfen, ya dubi matarsa. "Kin gani? Da rai."

Kadi ta shiga bayan rumbu ta yi amai.

Ranar kasuwar Kamba, Ado da Sumana suka kora bijimai uku suka fita tun da safe. Zakari bai iya zuwa inuwar maruƙa ba, yana kwance a ɗaki yana sambatu, yana kiran sunayen shanu. Asabe ta shiga da kunu, ta kori ƙudan da suka rufe hannun. A ƙarƙashin kara ɗaya ta ga abu fari yana motsi. Ta sa tsinke ta taɓa, tsutsa ce, kuma ba ita kaɗai ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kunun, ta ɗauko zani, ta ce Kadi ta taya ta. Suka ɗora shi a bayanta ta goya shi kamar jariri, ƙafafunsa suna lilo har gwiwarta.

Kaka ta tare ƙofa. "Ina za ki?"

"Likita, Iya."

"Da izinin wa?"

Asabe ta gyara goyonta.

"In kin hita, kin hita da aurenki. Ni na hwaɗa miki."

"To, Iya. Ba ni hanya."

Ta taka har bakin titi da shi a baya. Mai kabu-kabu na farko da ya tsaya ya ji warin ya ja motonsa. Na biyu ya ɗaure hanci da rawani ya ce su hau.

A asibiti majo, babban malamin jinya, ya sa almakashi ya yanke robar. Da karan suka zube, fatar ta biyo su. Wata mata da ke jiran layi ta tashi ta fita waje. Majo ya dubi Asabe kamar zai yi faɗa, sai ya ga shatin yatsu a kumatunta, ya haɗiye maganar ya je ya kira likita.

Likitan bai ɓoye mata komai ba. Ya ce karayar ba wani abu ba ce, da an kawo shi ranar da abin ya faru, ko da an sassauta ɗaurin da wuri, da yanzu yana wasa da 'yan'uwansa. Robar ce ta kashe hannun. Yanzu ruɓar tana hawa, ta shiga jini. Ya tambaye ta ina uban yaron.

Bayan azahar Ado ya dawo gida ya ji labari, ya iso a kan moto, ƙurar kasuwa a jikinsa. Ya hango Asabe a baranda ya nufo ta da hannu a ɗage, sai ya ga mutane sun zuba masa ido, ya mayar da hannun ya gyara hula.

Likitan ya shigar da shi ɗakin da yaron yake kwance. "Kai ne babansa? Me ya same shi?"

"Daga bisa jaki ya hwaɗo."

"Jaki ne ya zagaye masa tsintsiyar hannu da wannan shatin? Jaki ne ya ƙona shi wuri huɗu?"

"Maganin gida munka gwada."

Likitan ya sunkuya kan gadon. "Yaro, kana jina? Me ya same ka? Faɗa mini, babu mai taɓa ka a nan."

Zakari ya buɗe ido da ƙyar. Bai dubi likitan ba, ubansa ya duba.

"Jaki ne," ya ce.

Likitan ya miƙe ya yi ajiyar zuciya. Ya ce wa Ado zaɓi biyu ne, hannu ko yaro, kuma ba shi da har gobe. Ado ya ce a dai yi masa pikir mai ƙarfi. Ya ce a kankare baƙin a bar sauran. Ya ce a bari ya kira wani maɗori da ya sani a Malanbil. Daga ƙarshe abin da ke cikinsa ya fito.

"Hannun dama ne fa. Wa ke riƙe garma da hannu guda?"

Asabe tana bakin ƙofa. Tun da aka kawo ta gidansa ba ta taɓa kiran sunansa ba.

"Ado," ta ce. "Ka ce musu to."

Ya juyo ya dube ta, ya dubi majo, ya dubi bango. Ya ce to.

Kafin magariba aka gama. An yanke daga saman gwiwar hannu. Majo ya fito da wani abu naɗe a farin ƙyalle cikin leda, ya ce al'ada ce a ba iyali su binne. Ya miƙa wa Asabe don ita ce kusa. Ta mayar da hannuwanta baya.

"Ba shi. Shi ya ɗaure, shi za ya binne."

Ado ya karɓa. Ya ɗaure ledar a bayan moto, inda yake ɗaure gishirin shanu, ya tafi gefen makabarta. Ya ari fartanya wajen mai gadi ya tona rami. Mai gadin ya ce ramin ya yi girma, rabinsa ma ya isa. Da Ado ya zaro ƙunshin daga leda ya ɗora a tafinsa, sai ya tsaya. Abin ba shi da nauyi. Mutumin da ke iya faɗin nauyin bijimi da ido bai taɓa lura da ƙanƙantar hannun ɗansa ba. Ya daɗe a tsugune, har mai gadin ya ce, "Malam, rana za ta hwaɗi." Ya sa shi a ramin ya rufe.

Mai gadin ya tambaya ko haɗarin mota ne. Ado ya ce ƙaddara ce. Mai gadin ya ce Allah ya sa kaffara ce, suka shafa.

Washegari da hantsi 'yan dubiya suka cika baranda. Kaka ta zo da fura, Sumana ya zo, manomin Bengu ma ya zo. Ado suke yi wa jaje. Wannan ya ce Allah ya ba shi haƙuri, wancan ya ce yaro mai ƙwazo, ga damina ta kawo kai, wa zai shiga masa gaba. Babu wanda ya tambaya jakin wa, a gidan da ba a taɓa ajiye jaki ba. Kadi tana tsaye a jikin taga da kumburarren leɓe, babu wanda ya tambaye ta ita ma.

A lokacin Zakari ya farka sosai. Ya ga farin bandeji a inda hannunsa yake da, ya daɗe yana kallo bai gane ba. Sai ya ga ubansa tsaye a ƙarshen gado. Nan take ya yi ƙoƙarin tashi zaune, ya nemi dafa katifa da hannun da babu, ya kife gefe. Asabe ta tare shi. Tsoro ya kama shi, don a saninsa duk lokacin da aiki ya ɓaci akwai wanda za a tambaya, kuma shi ne.

"Baba," ya ce, muryarsa a dushe. "Ni ban saki ba."

Na so a ce Ado ya durƙusa a wurin. Na so a ce ya rufe fuska, ko ya fita waje. Ya dai juya ga mutanen da ke ƙofa, ya gyara tsayuwa.

"Kun ji ko? Namiji ke nan."

Mutane suka gyaɗa kai suna cewa Allah ya raya. Zakari ya koma ya kwanta, ya saki numfashi, don ya gane yau ba za a dake shi ba.